Saƙo Ba Kaya Ba Ne

Da sunan Allah da ya ara mini kwana har na zauna rubuta wannan.

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa Baffanku Hamidu ne ya sare gonar kakanku. Na sha jin ku kuna maimaitawa a tsakar gida, musamman kai Nura, ranar da ka dawo daga Mambila ka ce ba ka ga komai ba sai dogayen itatuwan zaiti da jar ƙasa. Gaskiya ne, shi ya sare ta. Amma akwai wata shekara tun kafin sarar, kuma a lokacin ku kuna Kano, shi yana kan tsauni, ni ina Guangzhou, a Caina. Kowa ɓangarensa ya gani. Ni kaɗai na ga abin daga farko har ƙarshe, don haka a kan wannan shekarar zan tsaya.

Kakanku Bakano ne, fatauci ya kai shi Gembu a kan tsaunin Mambila, sanyin wurin da ruwansa suka yi masa, ya zauna a wani ƙauye bayan garin. Ya tarar ana raba dashen kofi, wato gahawa, ya karɓa ya dasa a gangaren tudu, a ƙarƙashin manyan itatuwan da ya samu a wurin, ya ƙara da ayaba da fiya da goro. Kofi ba ya son rana tsirara. In ka shiga gonar da tsakar rana sai ka ɗauka la'asar ta yi, ƙasar baƙa wuluk, ganye ya ruɓe a kanta, ga ɗan rafi a ƙasan gangaren da ba mu taɓa ganin ya ƙafe ba. Da kakanku ya rasu ni na riga na gudu Kano neman kasuwa. Yaya Hamidu ya zauna. Ya zauna har kofi ya zama abin da babu mai tambayarsa. Masu saye sukan hawo da mota in sun ga dama, su zuba na kowa a buhu ɗaya, mai kyau da ruɓaɓɓe, su ba da abin da suka so. Maƙwabta suka fara sare inuwar suna dasa zaiti, wanda ku kuke ce wa turare, don yana saurin girma, masu katako kuma har ƙofar gida suke zuwa. Babu wanda bai san zaiti yana shanye ruwan ƙasa ba, ko cewa ciyawa ma ba ta son gindinsa. Da sani ake yi, don yara ba sa cin inuwa.

Ni kuwa sana'ata a Xiaobei, unguwar baƙi 'yan Afirka a Guangzhou, ita ce loda kwantena. Ɗan kasuwa zai zo daga Kano ko Maraɗi ya sayi takalma a wannan bene, fitilu a wancan, yadi a wata kasuwar, ni in tattara in shirya in tura. Abin da ake yabona da shi guda ne, ba na barin fili. Nakan sa safa cikin tukunya, tukunya cikin firji, in cusa katifa a saman firjin. Abokan aiki suna tsokanata wai a kwantenar Isiyaku ko iska sai ta nemi izini kafin ta shiga. Ina jin daɗin maganar. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan aikin na iya shi, kuma da shi na ciyar da ku.

Wata shekara da na je gida Yaya ya ba ni ƙaramin buhun ɗanyen kofi tsaraba. Ni mai shayi ne, ban san abin da zan yi da shi ba, sai na riƙa tokare ƙofar ofis da shi don iska ta shigo. Ran nan wata 'yar Caina, Madam Lin, ta shigo tambayar yadda ake tura inji zuwa Afirka. Tana da wurin soya kofi a Panyu, can gefen birnin. Ƙafarta ta bugi buhun, ta sunkuya ta zura hannu, ta ɗebo ta shinshina, ta manta da zancen injin gaba ɗaya. Ni Sinancina na kasuwa ne, sannu da na gode da akwai da babu. Ita Turancinta bai fi nawa ba. Waya ce tafintarmu, ta yi mata magana da harshensu, wayar ta rubuto mini da Turanci. Ta tambayi inda aka noma shi, da tsayin tudun, da irin itatuwan da ke samansa. Na ba ta buhun kyauta, na samo dutse na tokare ƙofata.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo da kanta. Ta ce kofin tsohon iri ne, an wulaƙanta shi wajen shanya, amma a ƙarƙashin wulaƙancin akwai abin da masu shagunan kofi a birnin suke nema. In manoman za su tsinki jajayen 'ya'ya kawai, su wanke, su shanya a kan gado ba a ƙasa ba, a rubuta sunan kowane manomi a buhunsa, za ta saya da daraja. In na farko ya iso lafiya, za ta riƙa saye duk shekara. Sharaɗinta biyu. Kada a sare itatuwan inuwa, don labarinsu take sayar wa mutanenta tare da kofin. Na biyu, wayar ta rubuto mini: kada a haɗa shi da komai.

Na fita baranda na kira Yaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Isiyaku, kai ka taɓa shan kofin nan ma kuwa?"

"Yaya, ni ba sha zan yi ba, sayarwa zan yi."

"Haka na ji tsoro. Ita matar, ta ce a bar itatuwa?"

"Da bakinta. Har hotonsu take so."

"Ikon Allah. Tun rasuwar Baba ban ji wanda ya tambayi lafiyar itatuwan nan ba sai yau, kuma Basiniya."

Na gaya masa sharaɗi na biyu da Hausar da na fahimce shi da ita. Na ce ban da haɗi. Duk wanda ya taɓa cinikin hatsi ya san haɗi: a zuba tsohon gero a ƙasan sabo, a ƙara tsakuwa don nauyi, a cika buhu da na wani. Yaya ya ce wannan mai sauƙi ne, ko ƙwaya ɗaya ta bare ba za ta shiga ba.

Gonarsa kaɗai ba za ta isa a yi lodi ba, sai ya bi maƙwabtan da ke da sauran kofi. Ya tare su a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ya bi waɗanda suka zille har gida. Wanda ya fi ba shi wahala Malam Buba, mai gonar da ke samansa a tudun, don ya riga ya yi magana da masu injin yankan itace, rana kawai ake jira. Yaya bai saba roƙo ba, kun san shi. Amma ya zauna a zauren Malam Buba ya ce a ba shi kaka ɗaya, in abin bai yiwu ba shi da kansa zai riƙe wa masu injin igiya. Suka yarda don shi, ba don ni ba, ba kuma don wata mata da ba su taɓa gani ba.

Aikin da suka yi a kakar nan ban gan shi da idona ba sai a hotunan waya, amma ya isa. Da can zage reshe ake yi gaba ɗaya, kore da ja da baƙi. Yanzu sai a bi itace ɗaya sau da yawa, ana tsintar jajaye ɗaya-ɗaya. Innarku Dije, matar Yaya, ita ta ja matan zuwa rafi wanki, da sassafe cikin sanyin nan da ke shiga ƙashi, har hannuwanta suka tsage. Suka sari gora suka ɗaura gadaje, suna shanyawa suna kwashewa duk sanda hazo ya sauko. Suka zauna da faifai suna tsince masu tabo. Wata rana Inna Dije ta karɓi wayar ta ce da ni:

"Ƙanen miji, ka gaya wa Basiniyarka ko kayan lefena ba a tsince su haka ba."

Da aka gama aka ɗinke a buhunan algarara, kowanne da sunan mai shi, aka sauko da su daga tsaunin a babbar mota zuwa Legas, inda wakilina zai loda. Sai ya kira ni ya ce kofin ko rabin kwantena bai kai ba.

A Xiaobei magana ba ta kwana wuri ɗaya. Duk kwantenonin da muka sani tafiya gida suke yi, ba a saba jin wadda za ta taho daga gida ba, kuma rabinta wayam. Wadda ta fara tare ni Hajiya Mariama ce, mutuniyar Maraɗi da ke sayar da abinci a wani ɗaki a saman bene, inda duk Bahaushen unguwar yake zuwa cin tuwo. Shekara da shekaru tana kaɗa miyar kuka da wani baƙin waken Caina mai gishiri a madadin daddawa, muna ci muna yi mata ƙarya cewa ya yi. Ta ajiye mini kwano ta tsaya a kaina.

"Alhaji na Kano, an ce kwantenarka na tahowa da ciki rabi."

"Ta kofi ce, Hajiya."

"To ni na ce ta raƙumi ce? Ɗan saƙo ne. Daddawa 'yar kaɗan, ƙanwata za ta kai gidanka Kano. Ko so kake ka mutu kana cin miyar wake kana cewa madalla?"

Mutanen da ke cin abinci suka fashe da dariya. Wani daga ƙurya ya ce in dai za a sa ta Hajiya, shi ma yana da citta. Wani ya ce kanumfari da barkono. Wani yaro ɗan Zinder da matarsa ta haihu ya ce turaren wuta, surukarsa ta haɗa tun tuni babu mai kawowa. Kafin in wanke hannu an yi maganar man shanu da kuka da busasshiyar kuɓewa.

Kun san saƙo, ba sai na koya muku ba. Mutum ba ya tashi tafiya a ce ga saƙo ya ce a'a. Ba a auna shi, ba a yi masa kuɗin mota, ba a rubuta shi cikin kaya. Wanda ya ƙi karɓar saƙo ba a ce masa mai tsari, ana ce masa maras mutunci, kuma sunan yana bin sa har gida. Balle a Guangzhou, inda waɗannan mutanen su ne danginmu. Su ke zuwa in an tsare mutum a kan biza, su ke wanke gawarmu in mun mutu. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, Hajiya Mariama ce ta riƙa aiko mini da kunu har na miƙe. Ga kuma fili wayam a kwantena, abin da idona ba ya iya gani ya yi shiru. Na ce kowa ya kai nasa gidana.

Ku manya kun tuna lokacin da zaurenmu ya cika da ƙulle-ƙulle. Ita 'yar kaɗan ɗin ta Hajiya buhu-buhu ce. Ummanku ta kira ni tana faɗa tana dariya.

"Alhaji, ƙudan unguwar nan duk sun tare a gidanka. Maƙwabta sun fara tambaya ko mun buɗe rumfa ne."

"Ki yi haƙuri, jibi mota za ta kwashe su Legas."

"Wai tare da kofin Yaya za su tafi? Shi ba ya gudun wari?"

"A buhu yake, kuma soya shi za a yi. Wane wari ne zai tsallake wuta?"

Ta ce to, ni na san sana'ata. Ranar da za a rufe kwantenar Madam Lin ta aiko mini da tambaya a waya: kofi kaɗai ne a ciki? Na amsa mata: kofi kaɗai. Ina so ku fahimci wannan, don a nan komai ya tsaya. Ban ji a raina ina yi mata ƙarya ba. Ita kaya take tambaya, kaya kuwa kofi ne kaɗai. Sauran saƙo ne. Da ta tambaye ni ko akwai saƙo da na gaya mata, amma a harshenta babu wannan rabuwar, ni kuma a nawa ban taɓa jin an haɗa su ba. Wakilina ya turo mini hoton lodin, an cusa ƙullin daddawa a tsakanin buhunan algarara, turaren wuta a sama, ko tafin hannu ba zai shiga ba. Na yaba masa.

Akwatin ƙarfe ne rufaffe, ya yi sama da wata a kan teku, rana tana dukansa.

Aka kawo shi ma'ajiyar Madam Lin a Panyu da hantsi. Ta zo da ma'aikatanta, har da mai ɗaukar hoto, don tana so ta nuna wa masu sayenta buhunan da sunayen manoma. Na sa babbar riga. Aka yanke hatimi aka ja ƙofar. Lebura biyun da suka buɗe suka ja da baya suna toshe hanci, ɗaya ya tofar da yawu ya faɗi wata kalma da ban sani ba. Ni kuwa da iskar ta buge ni, murmushi na yi. Warin gida ne. Kicin ɗin mahaifiyata ne ya fito daga cikin ƙarfen nan, daddawa da citta da man shanu da turare, har idona ya kawo ruwa. Sai da na juya na ga fuskar Madam Lin sannan murmushin ya tsaya.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta sa aka ɗebo daga buhun da ya fi nisa da saƙon, daga tsakiyarsa, ta soya kaɗan, ta niƙa, ta jera ƙananan kwanonin tangaran a kan tebur, ta zuba ruwan zafi. A gefe ta jiƙa ragowar wanda nake tokare ƙofa da shi. Ta ɗebo da cokali ta zuƙa da ƙara, ta tofar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙo mini cokalin. Na ɗanɗani na tokare ƙofar, ɗaci da ɗan tsami da wani zaƙi can baya. Na ɗanɗani sabon. Ni da ban san kofi ba na gane. Miya ce. Miyar kuka ce da aka zuba wa turare.

Ta ɗebi ɗanyen a tafin hannunta ta daɗe tana kallo. Ƙwayoyin sun yi kyau, girmansu ɗaya, babu mai tabo. Ta yi wa wayar magana a hankali, ta juyo mini da ita. An rubuta: manoman sun yi aikinsu. Ɗanyen kofi yana shan duk warin da ya kwana kusa da shi, kuma ba ya saki. Na ce a shanya, a wanke, a soya da ƙarfi. Ta girgiza kai ta ce "meyo." Wannan kalmar na san ta, kullum ina jin ta a kasuwa. Babu.

Ban yarda ba. Na kama wani rufin bene a Panyu na baza kofin, ina juya shi da manjagara kamar mai shanyar gero. Sai lokacin laimar nan na Guangzhou ya shigo, wanda bango ke gumi, tayil ke tsattsafo da ruwa, riga ta kwana a igiya ba ta bushe ba. Warin bai fita ba, fumfuna ta shiga. A ƙarshe wani mai yin takin furanni ya zo da mota ya kwashe. Na tsaya ina kallon ana jefa buhunan, ina karanta sunayen. Hamidu. Buba. Dije ma da nata ƙaramin buhun.

A Xiaobei kuwa biki ake yi. Ƙamshin miyar Hajiya Mariama ya sauko har matakala. Mutane suna layi, 'yan Gana ma da ba su saba zuwa ba sun zo. Duk wanda ya gan ni sai ya riƙe hannuna biyu, Alhaji Allah ya saka, Alhaji ka raya mu. Mai jegon nan ta aiko mijinta da godiya. Aka zuba mini tuwo da nama har ya yi tozo, na sa hannu na kasa kaiwa baki. Da labari ya isa wa Hajiya, ta rufe tukunyarta ta zo ofishina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kan wani kwali.

"Alhaji, don mi ba ka ce a'a ba?"

"Da na ce a'a, Hajiya, me za ki ce?"

Ta murza bakin mayafinta.

"Da na ce kai ba ɗan'uwa ba ne. Kuma da na gaya wa kowa."

Ta tashi ta tafi. Har na baro Caina ban sake hawa benen nan ba, ita kuma ba ta aiko tambaya ba.

Na kira Yaya da azahar ɗin Guangzhou, shi ya fito daga sallar asuba ke nan, ina jin zakaru. Na gaya masa komai yadda yake. 

"Daddawa," ya ce.

"Daddawa, Yaya."

Sai ya yi dariya, wata gajeriyar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Da jirgin ya nutse da na san abin da zan gaya musu. Da Basiniyar ta cuce mu ma da sun gane. Yanzu in tsaya a ƙofar masallaci in ce daddawa?"

"Ta ce a sake gwadawa baɗi, kaɗan, ta jirgin sama. Ta ce kofin yana da kyau."

"Isiyaku, kaka ɗaya na roƙa. Ba ni da bakin roƙon ta biyu."

Bai zage ni ba, a ranar ko bayanta. Haƙƙin manoman na sauke shi da abin da na mallaka, amma ba wannan suke jira ba. Jira suke su ji cewa baɗi ma akwai mai zuwa, da baɗin baɗaɗa, don mutum ya san dalilin da zai bar itace a tsaye. Abin da suka ji shi ne sun yi aikin da ba su taɓa yi ba, an kai shi ƙarshen duniya, an mai da shi taki. Wasu ba su ma yarda da zancen daddawar ba, suka ce dabara ce irin ta mutanen birni. Kafin damina ta sauka Malam Buba ya kira masu inji. Yaya ya cika alkawari, ya je ya riƙe musu igiya.

Daga nan sai abin ya riƙa gangarowa. Na sama ya sare, na gefe ya sare. Gonar Yaya ta rage ita kaɗai kamar tsibiri, rana tana shigo mata ta kowane gefe, iska tana kaɗe furen kafin ya ɗaure. Ruwan sama da ya saba sauka a hankali ta cikin ganye ya riƙa zuwa da gudu daga gonakin da aka tsiraita, yana kwashe baƙar ƙasar. Da zaitin ya miƙe, rafin ya fara ja da baya, har Inna Dije ta koma ɗaukar jarka zuwa wani kwari. Madam Lin ta tambaye ni sau ɗaya ko biyu, amma babu mai sayen da zai tsallako teku saboda gona guda da ke mutuwa. Ta sami nata a wani wurin. Yaya ya riƙe shekarun da ya iya riƙewa. Ku da kuke cewa ya yi gaggawa, shi ne na ƙarshe a duk tudun.

A shekarata ta ƙarshe a Guangzhou ya kira ni. Bai saba kira ba, ni ke kira. Muka gaisa, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"An ce injin yankan itace ya fi araha a wurinku."

"Yaya."

"Masu haya ba sa tsayawa a yi a hankali. Kayar da su suke yi ta ko'ina, su farfasa. In dai za a yi, gara in yi da hannuna. Ka samo mini mai ƙarfi."

Tunda na bar gida bai taɓa cewa in sayo masa ko hula ba.  Na ce to.

Washegari na shiga jirgin ƙasa zuwa Liwan, kasuwar kayan ƙarfe. Shagon cike yake da injuna rataye, ja da ruwan lemo. Mai shagon saurayi ne mai fara'a, ya taso yana kirana lawban, wato maigida, ya sauko da guda ya tayar don in ji ƙararsa. Na ce na gani. Ya yi wa wayarsa magana ya nuna mini: itacen ƙarami ne ko babba? Na ce babba. Ya haɗa yatsunsa kamar kaurin cinya, yana kallona. Na girgiza kai. Ya buɗe hannu kamar kaurin ganga. Na sake girgiza kai. Sai na ajiye jakata a ƙasa na ware hannuwana biyu iyakar inda suke kaiwa, a tsakiyar shagon, mutane suna wucewa suna kallon tsoho baƙi da babbar riga ya rungumi iska. Ko hakan bai kai ba, don muna yara sai ni da Yaya mun haɗa hannu muke zagaye wasunsu.

Saurayin ya yi fito, ya ɗaga mini babban yatsa. Ya shiga ciki ya fito da wani dogo da ba ya cikin na rataye, ya ɗora a kan kanta. Ya rubuta a wayar cewa wannan ba ya gajiya, yini ɗaya ya ishe shi ya gama da gona. Ya ƙara mini sarƙa guda kyauta.

Na ce masa na gode da harshensu. Na saɓa shi a kafaɗa na fito.